Manhaja Ɗaya, Wayoyi Dubu: Shawarwari Ga Wanda Ya Shigo Wannan Wahala

Duk wanda ya shigo harkar gina manhajar waya, alkawari ɗaya ne ya janyo shi: ka rubuta sau ɗaya, ta hau Android, ta hau iPhone, ta kuma buɗe a kwamfuta. Alkawarin gaskiya ne, sai dai rabinsa ake faɗa maka. Aikin tamkar a kai wa tela yadi ne ana gobe Sallah, a ce ya ɗinka riga guda da za ta shiga maigida, ta shiga autansa, ta kuma yi wa baƙon da ba a taɓa gani ba daidai. Ban daɗe da fitowa daga wannan aiki ba, idanuna har yau jawur suke, na kuma san kai ma kana ciki tsundum. Saboda haka ba zan ɓata maka lokaci da "ka nemi kwamfuta" ko "ka sayi data" ba. Ka nema, ka saya, ta ma riga ta ƙare.

Shawara ta ɗaya: dubi ranar da aka ɗora bidiyon kafin ka dubi fuskar malamin.

Kayan aikin wannan sana'a suna mutuwa, bidiyoyin koyar da su kuwa ba sa mutuwa. PhoneGap, wanda a zamaninsa shi ne sarkin wannan fage, Adobe ya saye kamfanin da ya ƙirƙiro shi a 2011, ya rufe PhoneGap ɗin a Oktoban 2020. An yi sallama da jQuery Mobile a 2021. AngularJS na farko an daina kula da shi tun ƙarshen 2021. Microsoft ya janye hannunsa daga Xamarin a Mayun 2024. Amma duk suna nan a YouTube cikin ƙoshin lafiya, malamin yana murmushi yana cewa wannan ce hanyar gobe. Za ka bi shi layi bayan layi, shi allonsa ya nuna kore, kai naka ya cika da jan rubutu tun daga sama har ƙasa. Laifin ba naka ba ne, ɗan'uwa. Gawa aka ba ka ana cewa ka yi mata jinya.

Shawara ta biyu: kada ka tsaya a majalisar masu sana'a ka ce, "Wanne ya fi?"

Tambayar nan ta raba abokai. Wani zai miƙe ya ce React Native, wanda Facebook ya fitar a 2015. Wani ya ce ai Flutter ne, na Google, wanda ya kammalu a ƙarshen 2018, sai dai sai ka koyi wani yare daban mai suna Dart. Na uku ya ce Ionic da Capacitor, ka gina shafin intanet ka lulluɓe shi da rigar manhaja. Na huɗu ya ce duk ku bar wahala, a yi PWA, wato shafin da ake ajiye shi a fuskar waya ya riƙa aiki kamar manhaja. Za a yi Magariba a yi Isha'i ana musu, ka tashi ba ka rubuta ko layi ɗaya ba.

Abin da zan rantse maka a kai shi ne wannan: ka zauna ka koyi HTML da CSS da JavaScript sosai kafin ka taɓa ɗaya daga cikinsu. Tun 1995 JavaScript yake nan, ya ga zuwan duk waɗanda na lissafa a sama, ya kuma halarci jana'izar wasunsu. Wanda ya riƙe ukun nan, in kayan aiki ya mutu, gobe ya ɗauki wani. Wanda ya haddace kayan aiki kawai, da shi ake binne shi.

Shawara ta uku: duk abin da za ka sauke, ka bari sai dare ya raba, lokacin da data ke da sauƙi.

Wannan maganar ta daɗe tana cina. Manhajarka ba ta wuce shafi ɗaya mai cewa "Barka da zuwa" ba. Ka ba npm, mai sauke maka ƙunshin kayan aiki, umarni guda. Sai ga wata jaka mai suna node_modules ta kumbura da ɗaruruwan ƙunshi na mutanen da ba ka taɓa jin sunansu ba, kowane ƙunshi ya zo da 'ya'yansa, 'ya'yan sun zo da jikoki. Ba ka gayyace su ba, kuma ba ka isa ka kori ko ɗaya ba, don kowa da wanda yake jingine da shi. In kana ganin zuzutawa nake yi, ka tuna da watan Maris na 2016, lokacin da wani mutum ɗaya ya cire ɗan ƙunshinsa mai suna left-pad daga npm. Layi 11 ne kacal, aikinsa cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Cire shi ya tsayar da dubban ayyuka a duniya, har da manya irin su Babel da React. A kan irin wannan tubali kake gini.

Ba a gama ba. Android Studio zai ci gigabait ɗinsa. Ka buɗe shi ya ce akwai sauran kaya. Ka sauke, Gradle ya ce shi ma yana da nasa. Ana kashi casa'in cikin ɗari sai a ɗauke wuta, batirin kwamfuta ya ce ga garinku nan. Ka tada inji da man da ka san nawa ka saye shi, ka dawo ka tarar saukewar ta koma farko. Masu rubuta darussan nan suna cewa "zai ɗauki 'yan mintuna". A ina? A wace unguwa? Da wane sabis? Wallahi ina so ranar da ɗayansu zai zo ya zauna a ɗakinmu da zafin Afrilu, fanka a tsaye, ya nuna mana 'yan mintunan nan. Kafin ranar ta zo, ka koyi Git, ka riƙa adana aikinka a kai a kai kamar wanda ya san za a ɗauke wuta. Ai ka sani ɗin.

Shawara ta huɗu: ka nemo wayar da ta fi kowace tsufa a gidanku, ita ce alƙalinka.

A kwamfutarka komai tsaf yake. Gani ya kori ji: ka buɗe aikin a Itel ko Tecno mai fasasshen gilashi, wadda hotunan biki da saƙonnin murya suka cika cikinta, irin wadda mutanenmu suke riƙewa da gaske. Nan za ka ga abubuwan da babu malamin da ya faɗa maka. Mutum ya taɓa gurbin rubuta suna, kibod ya taso ya rufe maɓallin "Tura". Ka ce shafi ya cika tsawon allo da 100vh, ƙasansa ya shige ƙarƙashin sandar burauza, don haka ka koma dvh, wanda burauzoji suka karɓa tun 2022. A iPhone, in girman rubutun gurbi bai kai 16px ba, Safari zai zuƙo shafin da kansa ya bar shi a karkace. Maɓallin da ka yi ɗan mitsitsi don ya yi kyau, babban yatsan Alhaji zai danna shi tare da maƙwabtansa biyu. Shi ya sa Apple ya ce kada ya gaza ma'auni 44, Google ya ce 48.

Kuma tunda an zo nan, sai na faɗi abin da ya fi ƙona min rai. Haruffanmu masu lanƙwasa! Ka zaɓi salon rubutu mai kyan gani, ka rubuta "Ƙofar Mata", waya ta nuna maka akwati a gurbin Ƙ, ko ta aro harafin daga wani salon daban ya tsaya a tsakiyar kalma kamar bare. Ɗ haka, Ɓ haka, ƴ ɗin 'yan'uwanmu na Nijar haka, wani lokacin har alamar ₦ ba ta tsira ba. Wanda ya zana salon bai taɓa tunanin akwai miliyoyin mutane masu rubutu da su ba. Ka gwada kowane salo da ƙ da ɗ da ɓ kafin ka ƙaunace shi, in ya gaza ka koma dangin Noto na Google. Sannan gurbin bincike: mai shago zai rubuta "kosai" don kibod ɗinsa ba shi da ƙ, manhajarka ta ce babu wannan kaya alhali ƙosai na nan. Dabarar da ke cire wa haruffan Faransanci hularsu ba ta aiki a kan namu, domin a Unicode ƙ harafi ne mai zaman kansa. Da hannunka za ka rubuta cewa k da ƙ su amsa kira ɗaya a bincike. Babu bidiyon da zai gaya maka, kuma in mu ba mu yi ba, babu mai yi mana. Wannan ba abin dariya ba ne, raina yana ɓaci duk sanda na ga manhajar da Bahaushe ya gina tana karya Hausa.

Ta biyar, ko ta shida, lissafin ya riga ya bi ruwa: iPhone.

A 2007 Steve Jobs da bakinsa ya ce masu son gina wa iPhone manhaja su yi ta da fasahar intanet. A 2008 aka buɗe App Store, zance ya canja. Sai a 2023, da iOS 16.4, manhajar intanet ta samu damar turo sanarwa a iPhone, shi ma sai in mai wayar ya ajiye ta a fuskar wayarsa da kansa. A nan ƙasashenmu, ko Chrome ka buɗe a iPhone, injin WebKit na Safari ne a ƙarƙashi. In kuwa shagon Apple kake so, Xcode a kan Mac kawai yake aiki, rajista kuma dala 99 ce duk shekara. Ka buga ta a naira, ka sha ruwa. Google dala 25 yake karɓa sau ɗaya, amma sabon asusun mutum ɗaya sai ya tara masu gwaji 12 sun riƙe manhajar kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fitar da ita. Mutum 12! A nan ne za ka san wa ke ƙaunarka a dangi. Ka fara gaishe su tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wata kuma: sabis-woka, ɗan aiken bayan fage da ke ajiye shafinka a cikin waya don ya buɗe ko babu sabis. Alheri ne babba ga wanda ke ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya. Amma yana da riƙo. Ka gyara kuskure ka ɗora sabon aiki, shi yana nan yana miƙa wa mutane tsohon. Ka canja sunan ma'ajiyarsa duk sanda ka sabunta, ka kuma tuna ba ya aiki sai da HTTPS.

Wata: ka rage nauyin hotuna, datar mutane ce.

Wata: in kawu ya ce, "Yi min kamar WhatsApp, amma zuwa Juma'a," ka ce "To, Kawu," ka tambaye shi lafiyar iyali.

Wata: ka yi barci.

Akwai ta caji, akwai ta Opera Mini, akwai ta rubutun ajami da ke tafiya daga dama zuwa hagu, amma na gaji, kai ma ka gaji. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka bari. Mai shagon da ke rubuta bashi a littafin da ruwa ya taɓa, malamar Islamiyya mai son jerin sunayen ɗalibanta, manomin da ke son jin farashin masara a kasuwar Dawanau kafin ya ɗauki mota, duk suna buƙatar abu mara nauyi da zai buɗe a wayar da ke hannunsu, da Hausar da ba a karya ba. Ka gina ƙaramin abu guda, shafi ɗaya mai aiki ɗaya, ka tura wa ɗayansu adireshinsa, ka tsaya kusa da shi ka kame bakinka ka ga inda yatsansa zai maƙale. Ka koma ka gyara wurin. Gobe ka sake kawo masa. Allah ya ba mu wuta mai ɗorewa da data mai albarka.