Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Hatimi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan tawadarka ba ta bushe ba, ina gaida iyali: biza, takardar kwastan, da uwargida takardar izinin ɗaukar hoto. Ni ɗaya ne daga cikin talakawanka masu saɓa kyamara su tsallaka iyaka, yau don shirin labarin gaskiya, gobe don tallar kamfani. Abokan sana'a a ɗakin otal suke gulmarka. Ni na ga gara in faɗa maka ido da ido, tunda wuƙa da nama duk a hannunka suke.

Masu kallo suna zaton darakta ne mai fim. A gida, wataƙila. Amma da jirgi ya dire a ƙasar wasu, kai ne darakta. Kai ke yanke ranar fara aiki, kai ke zaɓen titin da za a kafa kyamara da kayan da za su kwana a filin jirgi. Ga shi ko shafi ɗaya na labarin ba ka karanta ba.

Bari in fara da ɗan lelenka, littafin nan ATA Carnet, wanda aka ƙulla yarjejeniyarsa a 1961 don sauƙaƙa mana, wai. Fasfo ne na kaya, yana aiki shekara guda, ƙasashe wajen 80 suna karɓarsa, ya raba mu da biyan haraji a kan kayan da za mu dawo da su. Madalla. Sai dai kafin a ba mutum sai ya ajiye jingina mai tsoka, ya jera komai da lambar jikinsa da kuɗinsa da ƙasar da aka ƙera shi: kyamara, gilasanta, ƙafarta, makirfo, fitilu. In an rufe jerin ba a ƙara ko allura. Sannan kana so a nemo ka sau huɗu: fita daga gida, shiga can, fita daga can, dawowa gida. In aka rasa ka wurin fitowa daga can, a wurinka an sayar da kayan ke nan, ko da suna jingine a bayan ƙofar ɗakin mai su. Takardar neman haraji za ta biyo baya.

To ina kake shiga da dare? Na taɓa sauka wani filin jirgi bayan sha biyun dare, aka ce mai riƙe da kai ya tashi, ya kulle ka a durowa, makulli na aljihunsa. A kan akwatuna muka kwana. Da safe ya iso, mutumin kirki, da kofin shayi a hannu. Ya kifa kyamara, ya haska gindinta da fitilar waya, yana karanto lamba ɗaya bayan ɗaya ina amsawa kamar mai biya allo. Da muka zo kan wani gilashi da lambarsa ta goge, ya ɗaga shi sama, ya kira na gaba da shi, shi ma ya kira na gaba da shi. Kafin ka sauka a kan takarda azahar ta yi, bikin da muka je ɗauka kuwa da hantsi aka watse. Ranka ya daɗe, mai talla yana iya ƙara kuɗi ya sake ranar aiki. Mai labarin gaskiya fa? Wa zai tara masa mutanen gari su maimaita bikinsu?

Jirgi marar matuƙi kuwa kun daɗe ba kwa ga maciji. A Maroko tun 2015 ba a shiga da shi sai da izini na musamman. In babu, kwastan su riƙe, su ba mutum rasit ya karɓa ranar tafiya. Kuma a ƙasar, baƙo ba ya kafa kyamarar fim sai ta hannun kamfanin gida da izinin hukumar fina-finansu. Batir ma bai tsira ba: na ajiya ba ya shiga akwatin ƙasa sai jakar hannu, in ƙarfinsa ya wuce 100 a ma'aunin wat na awa sai kamfanin jirgi ya yarda, in ya haura 160 sai dai a yi masa sallama.

Abin da ya fi ba ni dariya a Faris yake. Hasumiyar Eiffel tana tsaye tun 1889, da rana kowa ya ɗauka ya yi talla da ita. Amma da an kunna fitilunta, waɗanda aka tsara a 1985, haske ya zama mai haƙƙin mallaka, mai talla sai ya nemo ka. Ƙarfe na kowa, wuta ta masu ita.

Kada ka ce ƙanana kaɗai kake tauna. Darakta Mustafa Akkad ya fara ɗaukar fim ɗin Ar-Risala a Maroko a 1974, bayan malaman Azhar sun duba labarin. Ya kashe dukiya ya gina kwatankwacin tsohon garin Makka kusa da Marrakesh. Ana tsakiyar aiki matsin lamba ya taso daga waje, gwamnati ta janye izini. Haka ya kwashi su Anthony Quinn da ma'aikata da kaya zuwa Libiya, fim bai fito ba sai 1976. Kai ɗin da ka ce bismillah, kai ka dawo ka ce a tashi.

Ba zan ci amanarka ba, kana da ranarka. Akwai masu shiga da kyamara da sunan aiki su kai ta kasuwa. Kuma na sha ganin baƙi sun diro garuruwanmu suna cusa kyamara a fuskar almajirai da masu jinya ba ko sallama, su je can su ci lambar yabo da hawayen wasu. A irin wannan rana neman ka nake ruwa a jallo, sai in tarar ka riga ka sauka a takardarsu tun a babban birni, ba ka tambayi ko mai unguwa ba. Ashe tsaurin naka ya san fasfon da yake kamawa.

Roƙona bai taka kara ya karya ba. Abin da ofishin jakadanci ya faɗa, ya zama shi ne jami'in taga zai faɗa, shi ne kuma ɗan sandan titi zai karɓa. Sannan a yanka wa durowar nan makulli na biyu, a bar shi a hannun mai aikin dare. In kuɗin yankan ne matsala, furodusa ya ce a sa a lissafinsa.

Naka mai biyayya a kan layi,
Wani mai ɗaukar hoto