A Tambayi Gobirawa Kafin a Yi Musu Shela

Na ga kun yamutsa fuska tun ban buɗe baki ba. Bagobiri dama bai iya ɓoye ƙi ba. In abu bai yi masa ba, har zanen kumatunsa sai sun ba da shaida, shida a nan, bakwai a can. Ni ba Bayarabe ba ne, amma yau ku ara mini haƙƙin taubashi, in faɗi son raina ba tare da an kai ni gaban Sarkin Gobir ba. Zancen da na zo da shi na hulɗa da jama'a ne: yadda hukuma ko ƙungiya ke zama ta tsara abin da za ta gaya wa mutane, da binciken da ya wajaba ta yi kafin ta buɗe baki.

Tuni na jiyo Alhaji daga majalisar bakin tashar Sabon Birni, rediyo a kafaɗa: "Wanga ai ƙarya ta wadda tay yi boko." Ɗan saurayin nan na Isa mai waya biyu ya ce roƙo ne, sai dai an ajiye kalangu an ɗauki kwamfuta. Inna kuwa ta fi ku duka iya yanka: "Mu dai in munka ji an ce an shawo kan matsala, sai mu ƙara ɗaure kayanmu."

Alhaji, a ajiye rediyon tukuna, ba gudu zai yi ba. Ban ce ba ka da hujja ba. Kowa ya haddace irin takardar nan da ake fitarwa bayan kowace masifa: an yi Allah wadai, ana sane da lamarin, an umarci jami'ai su kamo masu laifi, jama'a su kwantar da hankalinsu. Sunan gari kawai ake canzawa, wani lokacin ma sai a manta a canza. To amma ka lura da abin da kake tsana a cikinta. Abin da ya ɓata maka rai shi ne wanda ya rubuta ta bai san ka ba, bai san hanyar Gatawa ba, bai taɓa tambayar abin da ya hana ka barci ba. Ka ga ke nan ni da kai bakinmu ɗaya, kai ne dai ba ka so a gan ka kana yarda da ɗan boko.

Su kansu masu sana'ar sun san haka, in dai sun karanta abin da aka ba su. Ƙungiyarsu ta Najeriya ta kafu tun 1963 a hannun Sam Epelle, doka kuma ta ba ta ikon tantance masu aikin a 1990. Wani Baturen Ingila, Frank Jefkins, wanda ɗaliban aikin jarida suka daɗe suna haddar littattafansa don jarrabawa, ya jera matakai shida na tsara wannan aiki. Na farko a san halin da ake ciki. Sannan a fayyace abin da ake son cim ma, a tantance rukunin mutanen da ake nufi, a zaɓi hanyar da saƙo zai bi, a ware kuɗi, a ƙarshe a auna abin da aka samu. Mu a nan mun fi son mataki na biyar, muna yin na huɗu don a ga hoto, na ɗaya da na shida kuwa sai Allah ya kai mu baɗi. Tela ba ya sa almakashi a shadda sai ya auna mai riga. Wanda ya yanka kafin awo, ranar Salla zai ji sunansa a bakin mutane, kuma ba da yabo ba.

"To mu mi ag gaminmu da Jefkins?" Kun yi gaskiya, a bar Bature ya huta. Mu koma Alƙalawa, wadda kufanta ke nan cikin ƙasarku. Wajen 1788, kakanku Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a mutunta masu rawani, a saki waɗanda ke tsare, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa, jarumin da sarakuna ke shakka, ya dubi yawan malaman da suka tsaya bayan Shehu, ya auna, ya amince. Bayan 'yan shekaru Nafata ya hau, ya sa aka yi shela: ban da Shehu kada wanda ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su ajiye rawani, mata su ajiye mayafi. Shelar ta isa ko'ina, sankira bai yi ha'inci ba. Abin da ba a yi ba shi ne tambayar yadda zukatan masu saurare suke. A zamanin Yunfa aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Na san akwai dalilai da yawa, kada malaman tarihi su taso mini. Ni dai abin da na ɗauka shi ne: ɗaya ya karanta jama'arsa kafin ya yi magana, ɗaya ya yi magana ya bar jama'a su karanta shi.

Kai kuma ɗan saurayi mai cewa roƙo ne, ka yi a hankali, a Isa kake. Nan ne Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, ya riƙe kotso a fadar Sarkin Gobir Amadu, kuma har yau ana nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i. Kana zaton makaɗin fada yana tashi ne haka kawai ya fara? Sai ya san asalin ubangidansa kaka da kakanni, ya san 'yan sarkin da ke harin kujera, ya san wanda za a yi wa zambo da wanda habaici ya ishe shi. Bincike ke nan, ko ba takarda. Inda aikin jami'in hulɗa ya rabu da na makaɗi wuri ɗaya ne, amma babba. Makaɗi yana ɗauko girman sarki ya kai wa jama'a. Jami'i kuwa an ɗauke shi ne ya yi zirga-zirga biyu: ya kai saƙo ƙauye, ya kuma ɗauko kukan ƙauye ya ajiye a teburin maigida, ko da maigida zai ɓata rai. Wanda ya tsaya a rabin farko ya zama makaɗi marar kotso, ga shi kuma bai iya waƙa ba.

Inna, ke kuma ga naki, tunda ke kika riƙe yara a ɗaki lokacin da masu ɗigon shan inna suka zo. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin an sa maganin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, bayan an kawo magani daga Indunusiya. Da farko masu shirin sun ɗauka jahilci ne, suka ƙara ƙarfin lasifika. Cutar ba ta ji lasifika ba: a 2006 an samu yara 1,122 da ta kama a Najeriya. Sai da aka zauna aka saurara aka gane tambayoyinku na masu hankali ne. Mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ba. Kuma suna cewa: zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda ke kashe mana yara, maganinsu sai da kuɗi, me ya sa wannan kaɗai ake biyo mu da shi har ɗaka kyauta?

Da aka gano ciwon sai tsari ya canza. Daga 2006 aka riƙa haɗa ɗigon da wasu alluran, da maganin tsutsar ciki, da sabulu. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, saƙo ya riƙa gangarowa daga fada zuwa uban ƙasa, zuwa hakimi, zuwa mai unguwa. Daga baya aka ɗauki matan unguwa, waɗanda kuke haɗuwa da su a gidan suna, su riƙa shiga gida gida. A 2010 adadin ya sauko zuwa 21. Ya sake ɗagawa, aka sake zama, har a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Har yanzu ana fama da wani nau'inta a Sakkwato da Zamfara, shi ya sa ba a daina ƙwanƙwasa miki ƙofa ba. Amma ki faɗi gaskiya, Inna: maganin ne ya canza, ko mai kawo shi? Kin yi shiru. Na karɓi shirun.

Ga kuma inda aka tsallake matakin farko. A Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ɗauki matakan tsaro: an rufe hanyar Marnona zuwa Isa, an hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, an hana sayar da fetur a jarka, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da Isa da Sabon Birni. Niyya mai kyau ce, a toshe wa 'yan bindiga kunne da masu kai musu rahoto. Amma da an tambayi kowane ɗan acaɓa a bakin iyaka, da ya ce layin Nijar yana shigowa, kuma mai bindiga ya fi manomi sanin tudun da ake samunsa. Wanda aka toshe wa baki shi ne mai son kiran agaji. Bayan harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba, inda aka rasa fiye da mutum 40, gwamnan da kansa ya nemi a maido da layukan.

Canjin kuɗi ma haka. Babban Bankin Najeriya ya sanar a Oktoban 2022, sababbin takardun 200 da 500 da 1,000 suka fito a 15 ga Disamba, aka ce tsofaffi za su mutu a 31 ga Janairu. An yi talla a talabijin, an ce kowa ya kai kuɗinsa banki ko ya yi ciniki ta waya. Wane banki, ta wace hanya, da wane layi? Wakilan da aka turo ƙauyuka naira 10,000 kawai suke canza wa mutum, kuɗin da bai sayi tunkiya ba. Kasuwannin iyaka suka koma sefa, har Kotun Ƙoli ta tsawaita wa'adin a 3 ga Maris 2023. Alhaji, kai da ka ce duk boko ƙarya ne, a lokacin har lissafin sefa ka koya, ba wanda ya yi maka shela.

Da za a ba ni aikin nazarin yankin nan, zan raba takarda gida huɗu kamar yadda ake koyarwa: ƙarfinmu, rauninmu, damar da ke akwai, haɗarin da ke tafe. Amma ba a otal a Sakkwato za a cike ta ba. A je Tsamaye da Unguwar Lalle da Kurawa, a je Gebe da Turba da Bafarawa. A tambaya: wa kuke yarda da maganarsa, liman ko kansila ko direban da ya dawo daga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis? Labari ta ina yake riga isowa, Rima Rediyo, BBC, ko saƙon murya a WhatsApp? Matan da ba sa zuwa taro, wa ke gaya musu? 'Yan uwanku da suka tsallaka ƙasar Maraɗi tun 2019, dubun dubata, suna zaune wajen Gidan Runji, suna cikin lissafi ko an shafe su? Manomin da ke biyan kuɗi kafin a bar shi ya girbe gonarsa, me zai ji in an ce masa tsaro ya inganta? A kuma sa Bafulatanin ruga a jerin waɗanda za a tambaya, don shi ma an kore masa shanu.

A nan zan ajiye wasa kaɗan. A Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun 'yan bindiga a watan Agusta. Allah ya jiƙansa. Babu gwanin tsara magana da zai iya shafe wannan daga zukatan Gobirawa. Nazari na gaskiya wani lokaci sakamakonsa layi ɗaya ne: ranka ya daɗe, kada a fitar da takarda, a fitar da aiki, in an yi a zo a faɗa. Jami'in da ya iya gaya wa maigidansa haka ya ci albashinsa halal.

Saura ku, don ba zan tafi ban taɓa ku ba. Ranar da aka yi sa'a wani ya zo da littafi da biro yana tambaya, me kuke yi? A share fili, a shimfiɗa tabarma, a zaɓo dattijon da ya fi kowa iya godiya. Yaya gari? Lafiya lau. Asibiti fa? Sai godiya. Akwai wata matsala? Babu komai, Allah ya ja zamanin gwamnati. Baƙo ya rubuta "babu komai", ya sha fura, ya hau mota. Ƙurarsa ba ta kwanta ba Alhaji ya koma majalisa ya buɗe sabon babi na zagin waɗanda ba su san halin talaka ba. To wa ya ɓoye musu? Na san wani shirun na tsoro ne, don ba a san kunnen da ke cikin taro ba, kuma aikin mai tambaya ne ya keɓe mutum inda zai iya magana. Amma wani shirun kara ce kawai da son a ce garinmu ba a kuka. Jikokin Bawa, ku da ake ce muku gidan faɗa, ashe biro kuke tsoro? In mai tambaya ya sake zuwa, a bar dattijo mai godiya ya yi addu'ar buɗe taro, sannan a tura Inna gaba.