Baffa Ya Yi Sayans

Duk zuriyarmu an yarda cewa na yi sayans a sakandare, ni kuma ban taɓa ganin dalilin musa wa jama'a ba. Shi ya sa ranar Asabar yayana ya turo mini 'yarsa 'yar aji biyu na babbar sakandare, da littafin fiziks da tambayoyi uku na aikin gida.

Ta farko a kan zafi ce: ruwa kilo ɗaya mai digiri 30, wane adadin zafi zai sha kafin ya tafasa a digiri 100? Kafin in gyara zama yarinya ta buga 4,200 sau 70, ta samu jul 294,000. Na ce mata wannan ilimin takarda ne, mu a zamaninmu da ido ake ganin kimiyya. Na sa aka ɗauko butar lantarkin uwargida mai wat 2,000, wadda lissafi ya ce za ta tafasa ruwan cikin daƙiƙa 147. Ina jona ta aka ɗauke wuta.

Ban karaya ba. Na jawo ɗan janaretana, wanda fanka da talabijin ma da lallashi yake ja.

"Baffa, wat nawa yake bayarwa?"

"Ke dai zuba ido."

Ta durƙusa ta karanta jikinsa, 650. Ta raba 2,000 da bolt 230, ta ce butar za ta nemi amfiya kusan 9, shi kuwa ko 3 ba zai iya cikawa ba. Ashe irin tambayarta ta biyu ke nan. Na ce mata inji bai san lissafi ba, aiki ya sani, na danna makunni. Janareta ya yi tari, ya yi gurnani, ya saki wani hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba, ya yi tsit. Uwargida ta leƙo ta taga.

"Malam, wannan ma cikin aikin gidan yake?"

Na wuce tambaya ta uku da sauri, don nan ne fagena. Yaron da ya tashi yana jifan kanya ba a koya masa jifa. An ce an jefa abu da gudun mita 10 a daƙiƙa, a kusurwar digiri 45, wadda ita ce ke kai jifa mafi nisa. Ina zai faɗi? Jan ƙasa 9.8 ne, amma a aji 10 ake ɗauka don sauƙi, amsa ta fito mita 10 cif. Na auna tsakar gida da taku, na ga da saura. Na tsinko ɗanyen mangwaro, na yi mata bayanin Galileo da yadda ya gano lanƙwasar hanyar jifa, na karkata kafaɗa, na saki.

Wallahi kusurwar ta fita daidai. Abin da littafin bai tanadar mini ba shi ne na'urar auna ƙarfin dantse. Mangwaro ya tashi, ya haye igiyar shanya, ya haye katanga, ya ɓace. Muka ji "facal!", sai salati.

"Baffa," in ji yarinyar cikin natsuwa, "in gudu ya ninka sau biyu, nisa sau huɗu yake ninkawa."

Maƙwabciyarmu Hajiya mai ƙosai ta shigo ko sallama babu, zaninta duk feshin mai, ɗauke da matsami, a kansa ga mangwarona ya soyu ya yi ja. Allah ya tsare, bai ƙona kowa ba, amma rabin man kaskon yana ƙasa. Na fara yi mata bayanin cewa bincike muke yi na ilimi.

Yarinya ta ɗaga biro. "Baffa, mita 10 zan rubuta, ko inda ya faɗi?"

Hajiya ta ce, "Rubuta man gyaɗa kwalba biyu, 'yar nan. Ki sa sunan Baffanki a ƙasa."