Muftan Tsohuwar Bindigar Iska

Duk wanda Allah ya ƙaddara masa sayen bindigar iska ta gwanjo, ko don korar kurciyoyin da suka addabi shanyar dawarsa, ko don sha'awa kawai irin ta ɗan Adam, to ranar da ya ajiye ta a tsakiyar majalisa yana tambayar wace iri ce kuma shekarunta nawa, ranar zai tabbata garinsu cike yake da muftan da ba su taɓa durƙusawa gaban malami ba. Na yi musu nazari, na same su ɗabaƙa biyar.

Na farko shi ne dillali, wanda shekarun bindiga a bakinsa suke miƙewa suna tsukewa gwargwadon fuskar mai saye. In ya ga mai son sabon abu, sai ya ce, "Wallahi, Alhaji, harbi uku aka yi da ita". In kuwa ya ga mai son kayan da, nan take ta zama ta wani Di'o da ya bar ta sa'ad da zai koma gida. Kowace bindiga Diana ce a wurinsa, kamar yadda kowane garin sabulu Omo ne a wurin mata.

Na biyu jikan tsohon soja ne, wanda bai taɓa ganin ƙarfe mai tsatsa ba face ya danganta shi da Yaƙin Bama. Da ya hangi tambarin BSA, wato bindigogi uku jingine da juna, sai ya miƙe ya ƙame. Kuma lalle kamfanin nan na Bamingam, da aka kafa a 1861, ya ƙera wa soja makamai. Amma in ka nuna masa wannan Meteor ce, wadda ba ta fito ba sai 1959, shekara 14 bayan an gama yaƙin, sai ya ce ai Turawa ɓoye ta suka yi.

Na uku ma'abocin ƙiyasi ne, mai karya bindiga ya shinshina, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya lumshe ido kamar mai duba. Yana da ɗan rabo na gaskiya, domin tsofaffi da fata ake toshe iskarsu, fatar da ke shan mai, kafin roba ta maye gurbinta. Sai dai ya manta cewa ana sauya fata, kuma damina ɗaya a zaure mai yoyo takan tsofar da ƙarfe fiye da shekara ashirin a ƙarƙashin gado.

Na huɗu, Allah ya kiyashe mu, shi ne mai gyara, wanda saboda tsananin son alheri zai bi ta da samfefa har ta yi ƙyalli, ya shafe lamba da tambari gaba ɗaya, sa'an nan ya miƙo maka yana jiran tukwici, misalin wanda ya wanke wa almajiri allo tun bai hardace ba.

Na biyar, wanda ya fi su ƙarancin magana, shi ne mai bin nassi. Tsumma da kananzir da tocila ne kayan aikinsa. Ya san suna kaɗai ba hujja ba ne, tun da bayan Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera wasu Diana a Sikotilan, alhali asalin gidan a Rastatt ta Jamus aka kafa shi a 1890. Ya san in an rubuta Jamus ta Yamma, to ba ta wuce 1990 ba. In akwai harafin F cikin zane mai kusurwa biyar, to ba ta riga 1970 ba. Ya san BSA da harufan da ke gaban lambarta ake gane zamaninta, Diana kuwa sau da yawa wata da shekara suna nan ƙanana a gefen hagu, can baya kusa da ƙota.

Ranar da na kai tawa, wannan bawan Allah ya goga ya haska, ya karanta 06 74, wato watan Yuni na 1974. Majalisa ta yi tsit. Dillali ya tuna bai yi La'asar ba, mai ƙiyasi ya ce da ma abin da hancinsa ya ba shi ke nan, jikan soja kuwa ya rantse lambar bataliyar kakansa ce.

Sauran ɗabaƙa ta shida, wadda kunya ta sa na ƙi ƙirgawa, ita ce mai bindigar da kansa. Na ji nassi da kunnena, na yi godiya, na rataya abata, amma da uwargida ta tambayi dalilin da na zuba kuɗin cefanen wata a kan wannan tsohon ƙarfe, sai na ji bakina yana cewa, "Ke dai bari, wannan ta je Bama."