Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga A Daidaita Sahu

Zuwa ga mai ƙafa uku, mai riga ruwan ɗorawa, sarkin titunan Kano.

Ya aiki, ya fama da tsadar mai? Ni dai ba zan ce maka lafiya lau ba, domin da ƙulu a goshi nake rubuto maka wannan takarda, kuma kai ka yi mini shi.

Ranka ya daɗe, da safen nan na hau ka daga Gyaɗi-Gyaɗi zan shiga Kantin Kwari. Muna tsakiyar titi sai wata baiwar Allah da ke tsaye can bakin kwalta ta ɗaga hannu. Kafin in ce kwabo, yaron da ke jan ka ya yanko gaban motoci biyu, ba sigina ba hon, ya danna birki. Goshina ya gaisa da ƙarfen bayan direba, ledar tumatir ɗin hajiyar da ke gefe ta watse a ƙafafunmu, mai motar da ke bayanmu ya leƙo yana ambaton iyayen kowa. Ita kuwa baiwar Allah ashe mayafinta take gyarawa. Yaronka ya ce, "Hajiya, Bata?" Ta girgiza kai. Sai ya waiwayo gare ni ya ce, "Baba, ai sai ka riƙa riƙe ƙarfe."

Tambayata guda ce, Allah ya ja zamaninka: ina tasharka take?

Duk abin hawan da ya taɓa shigowa garin nan ya san wurin tsayawa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna da zango, kuma sai madugu ya ce a sauke ake saukewa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka gina masa tasha, tana nan har yau. A da, jirgin da ke tasowa daga Legas yakan ci fiye da kilomita 1,000, ya bi ta Ibadan, Ilori, Jebba, Minna, Kaduna da Zariya, kuma a kowane gari sai ya yi kuwwa kafin ya tsaya. An yi masa shaidar latti, wannan gaskiya ne. Amma ba a taɓa jin ya ja birki a tsakiyar gadar Jebba don wani masunci ya yi miƙa ba.

Kai fa? Duk Kano tasharka ce! Bakin shataletale tasha, gindin gadar sama ta Ƙofar Nasarawa tasha, ƙofar masallaci ana fitowa daga Juma'a tasha. Danja ta ba da hannu, kowa ya tashi, a lokacin ne kake tsayawa cinikin shata da mai buhun albasa. Mutum ba shi da ikon kare fuskarsa daga rana, ko ya sosa ƙeya, ko ya gai da surukinsa daga tsallaken titi, sai ku uku ku rufar masa, kowa na tambayar ina zuwa. Mai rake ma da ke korar ƙuda fasinja ne a wurinka. Wannan wane irin ido ne? Yana hango hannu daga Kabuga har Rijiyar Zaki, amma ba ya ganin tirelar da ke bayansa! Madubinka kuwa an lanƙwaso shi ciki, direba na duba askinsa.

Abin da ya fi ci mini rai, kunnen bai yi gadon idon ba. Wanda ke ciki ya ce "akwai", ya sake cewa "akwai", ya daki ƙarfe da tafin hannu, sai an wuce layinsu da nisa ake sauke shi a bakin kwata. Na waje ake tsaya wa nan take, na ciki ai ya riga ya shiga hannu.

Ka tuna asalinka mana. Daga Indiya aka yo odarka. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta fito da kai domin mata su huta da hawa bayan ɗan acaɓa, su zauna cikin mutunci. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa, gari ya dawo hannunka kai kaɗai. Muka yi ta murna mun rabu da mai ƙafa biyu. Ashe ƙafa ɗaya kawai aka ƙara masa, aka yi masa rumfa.

Maganar canji ba zan tayar ba. Haka cusa mutum huɗu a baya da biyu a gefen direba, da sifikar da ke hana a ji kiran sallah. Kuɗin hawa kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 mun bar wa Allah.

Na san yaran naka da balas a wuyansu, kullum yamma mai keke na jiran kuɗinsa, shi ya sa kowane hannu yake zame musu naira. To gawa dai ba ta biyan balas, fasinjan da ke kwance a asibitin ƙashi na Dala ma ba ya hawa gobe.

Ban ce a gina maka tasha mai ɗakin sayar da tikiti ba. Ka kunna sigina, ka mayar da madubin nan waje, ka gangara gefen titi kafin ka tsaya. In hakan ya gagara, to a riƙa raba mana hular kwano a bakin ƙofa, mu san yaƙi muka fito.

Wassalam.

Naka,
Wani fasinjan kujerar baya