Tonon Asalin Dodanni a Zangon Agoè

Masu cewa samarin Zangon Agoè da ke gefen Lome sun yi watsi da al'ada ba su taɓa zama fadarsu bayan sallar isha'i ba. Sana'ar da Bahaushe ya fi ƙwarewa a kai, wato tonon asali, tana nan daram. Wanda ake tona wa ne kawai ya sauya. Da, baƙon da ya zo neman aure ake wa bincike har kakan kakansa. Yanzu dodannin wasan kwamfuta ne ke shan wannan bincike, ana zuba shayi ana jayayya kamar gobe za a ɗaura musu aure.

Ga Sephiroth na wasan Final Fantasy VII, wanda ya fito a 1997. Wannan mugu ya ƙone gari guda saboda ya ɗauka wata halitta mai suna Jenova ce uwarsa, alhali Lucrecia ce ta haife shi, ubansa kuma Farfesa Hojo. Wace tsohuwa ce a Zango za ta ji wannan ta yi barci? Labarin wasan Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2022, ya ma fi daɗin gulma: Malenia 'yar Sarauniya Marika ce da Radagon, sai can a gano Marika da Radagon jiki ɗaya ne. Nan waliyyin ango zai naɗe tabarmarsa ya tafi ko goro bai ɗauka ba. Hidetaka Miyazaki, jagoran wasan, da gangan ya ƙi ba da labarin a jere. Ya yayyanka shi ya ɓoye a bayanin takubba da zobba, kowa ya tsinci guntu ya cike sauran da shaci-faɗi. Da ya san yadda muka iya gina bene a kan "an ce", da nan ya zo ɗaukar ma'aikata.

Dattawa na ƙorafi cewa yaron da ya haddace dangin Malenia bai san garin da kakansa ya baro da shanu ba, bai kuma san cewa a 1977 aka rushe tsohon Zango a tsakiyar Lome aka kwaso mutane zuwa nan ba. Ƙorafin na da tushe, amma a tambayi dalili. In yaro ya nemi asalin dodo, intanet za ta ba shi amsa nan take. In ya nemi asalin gidansu, sai a ce masa "ba a tambayar wannan", don tsoron kada a taɓo labarin da aka yi shekaru ana rufewa.

Wasu kuma na cewa dodannin baƙi ne, me ya hana a yi da namu? To, namu an yi musu adalci? Macijin rijiyar Kusugu a Daura ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, Bayajidda ya sare masa kai, ba wanda ya tambayi wace ce uwarsa ko me ya ɓata masa rai. Dodon tatsuniya ya haɗiye gari, an farke cikinsa, ƙurunƙus. Ko ƙauyensu ba a faɗa mana ba.

Ni dai ina ganin a bar samarin nan. Tunda gulma ba za ta ƙare a Zango ba, gara ta faɗa kan Sephiroth, wanda ba shi da ƙanin uwa a unguwa da zai kai ƙara gaban Sarkin Zango.