A Gaishe da Gwanin da Ya Fi Ƙarfin Awo

A Amurka akwai wasu maza da ya kamata a ce tuni an kafa musu mutum-mutumi a tsakiyar birnin Ditiroyit. Su ne masu sayen tsofaffin motocin nan masu ƙaton inji na shekarun 1960 zuwa farkon 1970, irin su Mustang da Camaro da Chevelle da GTO. Ɗayansu zai shiga garejin gidansa ranar Asabar da wutar walda a hannu, kafin rana ta faɗi ya sauya wa ƙafar gaba tsari kakaf, ba tare da ya ɓata ko minti ɗaya wajen awo ba. Allah ya ƙara basira.

A yi masa adalci, ya tarar da abin gyara. Chevelle SS ta 1970 mai inji 454 tana fitar da ƙarfin doki har 450, amma tsarin ƙafarta ta gaba iri ɗaya ne da na 'yar'uwarta da ake kai yara makaranta da ita. Mustang kuwa, da ta fito a watan Afrilun 1964, a kan ƙashin Falcon aka gina ta, motar masu tsimin kuɗi. Idan aka shiga kwana da gudu jikin motar ya kwanta, tayar waje, wadda nauyi ya hau kanta, sai samanta ya karkata waje, ta koma taka kwalta da gefe maimakon da faɗinta. Direba na murɗa sitiyari, mota na miƙewa abinta.

Wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Klaus Arning ya taɓa duba wannan matsala, sai dai bawan Allah ba shi da zuciya. Ya zauna ya yi ta lissafi, ƙarshe abin da ya iya fitarwa shi ne a sauko da mazaunin hannun sama na ƙafar gaban Mustang inci ɗaya. Inci ɗaya tal! Sababbin ramuka biyu a dama, biyu a hagu, shi ke nan aikin. Mai haɗa motocin tsere Carroll Shelby ya ɗauki wannan 'yar rowar ya sa wa Mustang GT350 ta 1965, kuma wai don motar ta lashe kambin rukuninta a tseren ƙasa shekara uku a jere, 1965 zuwa 1967, har yau ana ta zuzuta abin. Wani mai gyaran motocin tsere, Dick Guldstrand, shi ma irin wannan ɗari-ɗarin ya yi wa Camaro ta 1967 zuwa 1969, sai an shimfiɗa ma'auni an yi alama kafin a huda. Gwaninmu ya fi su hangen nesa. In inci ɗaya ya ci gasa, ina ga biyu? Masu ƙorafi za su ce idan aka zarce, boljoyin sama yana kai ƙarshen juyawarsa ya cije, wata rana ya ɓalle taya ta kwanta ana cikin tafiya. To, ai wata rana suka ce, ba yau ba.

Sai batun sauko da gaban mota, wanda a nan ne hikimarsa ta fi bayyana. Ragwaye suna sayen gajeren sifirin da aka ƙera don wannan aiki. Shi kuwa wuta yake kara wa wanda ke jiki har ya yi ja, motar ta durƙusa a gabansa kamar raƙumin da za a yi wa lodi. Gaskiya ne wuta na kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, sifirin ya ci gaba da lotsawa, kuma da wuya dama da hagu su sauka daidai. Amma wa ya taɓa kallon gefe biyu na mota a lokaci guda? Idan hannun ƙasa ya fara dukan robar da ke tare shi, sai ya yanke robar. Idan tukunyar baƙin mai da salansa suka fara kartar ƙasa, wannan tartsatsi ne na ado, kyauta.

Babbar kyautarsa ga duniya ita ce abin da ya yi wa tayarod. An ce masa dogon ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, irin na manyan motocin Chevrolet kamar Caprice, yana gyara karkatar tayar Chevelle. Haka ne, yana gyarawa. Ya je kasuwar gwangwan ya kwanto, ya ɗaura. Abin da bai tsaya sauraro ba shi ne, dole tayarod da hannun ƙasa su riƙa hawa da sauka a kan lanƙwasa mai jituwa. Da zarar an sauya inda bakin tayarod ke kamawa, duk sanda taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, sai ta juya dama ko hagu da kanta, sitiyari na tsaye cak a hannun direba. Kamfanonin Kalifoniya sun kashe biliyoyin daloli suna neman mota mai tuƙa kanta. Ga shi wannan bawan Allah ya samar da ita da sifana biyu da guduma, ko lambar yabo ba a ba shi ba.

Alaimen kuwa da ido yake yi. Ya ja baya taku uku, ya rufe ido ɗaya, ya gyaɗa kai. In ya ga dama ya kai wa masu na'ura, sai ya ce lallai a bi littafin kamfani, wanda aka rubuta don siraran tayoyin zamanin da, lokacin da ake rage kasta, wato kishingiɗar ƙarfen da taya ke juyawa a kansa zuwa baya, don sitiyarin da ba shi da fawa ya yi sauƙin murɗawa. Faffaɗar tayar zamani da ya sa a rim mai inci 18 tana son kasta mai yawa don motar ta riƙe hanya, amma taya ce za ta koya masa aiki? Masu sayar da taya dai suna yi masa addu'a, don cikin tayarsa kan cinye tas alhali wajenta sabo fil. Birkin ganga na asali ma yana nan bai taɓa shi ba, saboda girmama tarihi.

Kada a manta da jarumin da ke yanke dogayen mazaunan shakazoba na Mustang don ƙaton inji ya samu wuri. Motar ba ta da shasi daban, waɗannan mazaunai suna cikin abin da ke ɗauke da gabanta, shi kuwa ya maye gurbinsu da farantin ƙarfe da waldar da ya koya a bidiyo.

Duk watan Agusta ana jerin gwanon tsofaffin motoci a titin Woodward da ke wajen Ditiroyit, inda cunkoso kan sa mai tafiya a ƙasa ya wuce mai mota. A wannan gudun, aikin gwaninmu ba shi da aibi ko kaɗan, jama'a na tafi, ana ɗaukar hoto. Sai an tashi ya hau babbar hanya zai koma gida. Mai karatu, in Allah ya kai ka can ka hango shi a madubi, ka girmama gwani ka bar masa layi biyu, don ko shi bai san wanda motar za ta zaɓa ba.